Baitocin da Aka Cire daga Waƙar Leyontas

Tun da aka ƙago rubutu a duniya ba a taɓa yin mutanen da suka iya gyaran littafi kamar mutanen Kalidira ba, kuma tabbatacce ne cewa ba a taɓa cire ko kalma ɗaya daga littattafansu ba sai wadda ta cancanci cirewa. Sauran biranen Girkawa suna alfahari da jiragen ruwa, Romawa suna alfahari da hanyoyi da dokoki. Ita kuwa Kalidira, ƙaramar masarautar nan da ke maƙale tsakanin duwatsu da teku, da tsaftar baiti take alfahari.

Ga yadda suke yi. Mawaƙi zai fara rubutu a kan allon kakin zuma da tsinken ƙarfe mai faffaɗan gindi, ya rubuta da bakin tsinken, ya shafe da gindinsa. In ya ga abin ya kama hanya sai ya kwashe shi a takardar Masar mai naɗewa, ya tara aminansa ya karanta musu, kowa da ikon tsayar da shi a tsakiyar magana. Daga nan sai ma'ajin littattafan fada ya karɓa, ya bi baiti baiti, duk wanda bai gamshe shi ba ya ja masa ɗan layi a gefe. Baitin da ya sami layin nan ya mutu ke nan. Abin da ya tsira shi ake karantawa a gaban sarki, a buga hatimi, a ba marubuta su kwafa su watsa a garuruwa. Rubutun fari kuma a jefa shi cikin akwatin itacen al'ul, ba shi da sauran bakin magana.

Shekara talatin da shida Talasiyas yana riƙe da wannan muƙami na ma'ajin littattafai. Yanzu ya haye saba'in, idonsa ya fara hazo, kuma mawaƙan zamanin ba su ba shi wahala, don shi a ganinsa ba abin gyarawa a inda ba abin tsira. Abin da yake yawan tunawa shi ne rumfar inabin gidan mawaƙi Lamfiros, inda su biyar suke haɗuwa da hantsi su yi ta musu a kan kalma guda har inuwa ta juya. Uku sun riga mu gidan gaskiya, har da Lamfiros ɗin kansa. Saura shi da Andiron, sarkin yaƙi.

A farkon bazara, lokacin da ƙanƙarar duwatsu ke narkewa tana cika koguna, manzo ya iso fada da laka har ƙugu. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce mutanen Tarsina, maƙwabtansu, sun ƙwace filayen gishiri da ke hayin Kogin Asteri, sun kori masu gadi, har sun fara kafa shingen itace.

Sarki Firiyas shekararsa ashirin da huɗu, kuma bai taɓa ganin yaƙi ba sai a takarda. Amma takardar ya san ta sarai. Filayen nan mahaifinsa, Sarki Leyontas, shi ya ci su da yaƙi shekara talatin da suka wuce, Lamfiros kuma ya yi wa yaƙin waƙa mai baiti dubu biyu, wadda kowane ɗan Kalidira ke haddacewa kafin ya yi gemu. Sarki ya miƙe tsaye a majalisa ya ce ba sai an yi doguwar shawara ba, hanya a rubuce take. Ya karanto da ka:

"Ya iso da yamma, ya haye da asuba,
Ruwa bai kai gwiwar dokinsa ba."

Ya ce nan da kwana uku za a tashi, a haye a Mashigin Kachalla daura da tsohon ɗakin bauta, da asuba, kamar yadda mahaifinsa ya yi. Fadawa suka ɗauka da kirari. Talasiyas yana zaune a wurinsa na can gefe, ya ji baitin ya fito daidai, ba tuntuɓe ko ɗaya, har ya ji daɗi a ransa kamar kullum. Sai bayan daɗin ya wuce ya tuna abin da ke cikin akwatin al'ul.

Da aka watse ya tafi ɗakin littattafai, ya buɗe akwatin da bai taɓa ba tun mutuwar Lamfiros. Ƙamshin al'ul ya buge shi. Ya warware rubutun fari na waƙar a hankali har ya kai wurin haye kogin. Baiti arba'in da biyu ne, kowanne da layinsa a gefe, layi miƙaƙƙe na hannun da bai san rawa ba.

A cikin baitocin nan Leyontas bai haye da asuba ba. Ya iso ya tarar kogi ya cika ya malala, Mashigin Kachalla ya zama taɓo mai haɗiye alfadari da kayansa. Alfadarai sittin suka nutse a ranar farko. Rundunar ta yi kwana goma sha tara a bakin ruwa, gudawa ta kama rabinta, sarki yana zagin kowa. Sai da ruwa ya ja, wani masunci mai ido ɗaya ya nuna musu wani mashigi mai duwatsu can sama, tafiyar rabin yini, suka haye da tsakar rana suka faɗa wa Tarsina ta baya.

Talasiyas ya tuna ranar da aka karanta wurin a rumfar inabi kamar jiya. Shi ne ya ɗaga hannu.

"Tsaya, Lamfiros. Kwana nawa za mu yi a bakin kogin nan?"

"Goma sha tara, kamar yadda muka yi. Ina wurin ai, da mashina."

"Ku dole ce ta zaunar da ku. Mai sauraro wa ya tilasta shi? Kafin ka gama lissafa alfadarai rabin zaure ya yi hamma."

Aka yi dariya, har Lamfiros. Amma ya ce, "To ka bar mini masuncin nan. Ina son mutumin."

"Masunci ya nuna wa sarki hanya? To waƙar ta wa ce, ta Leyontas ko ta mai taru?"

Wata uku Lamfiros yana kare baitocinsa, yana rage su, yana sauya musu wuri, yana dawowa da su ta wata ƙofa. Ƙarshe ya gaji ya ce, "Kai ka fi ni kunne, yi yadda ka gani." Tare suka ɗinke wurin da baiti shida masu santsi. Da suka buƙaci jarumin da zai fara shiga ruwa a gaban sarki, sai suka ɗauki Andiron, wanda a lokacin shugaban mutum ɗari ne kawai, saboda yana zaune tare da su yana cin ɓaure, kuma sunansa yana zama daram a ƙarshen baiti. Huɗu daga cikin baitocin shida suka zama nasa. Da aka karanta wa Leyontas ya yi hawaye, ya ce haka aka yi.

Talasiyas ya naɗe takardar ya nufi gidan Andiron. Ya same shi a lambu, ya tsoma kumburarrun ƙafafunsa a kwanon ruwan ɗumi.

"A'a, mai jan layi!" in ji Andiron. "Yau kuma wa za a yanka?"

"Kai."

Ya miƙa masa takardar. Andiron bai karɓa ba, ya dube ta kawai daga nesa, ya gane ta.

"Mayar da abin nan inda ka ɗauko shi, Talasiyas."

"Yaron nan zai shiga Mashigin Kachalla da mutum dubu huɗu cikin cikar ruwa. Kai kaɗai ka rage cikin manya da ka ga abin da idonka. Tsofaffin sojoji da suka rage ba mai kiransu majalisa, kuma su ma waƙar suke bayarwa in an tambaye su."

"Da idona? Ni kwana goma sha tara ɗin nan bayan wani kurmi na yi su a tsugune. Kurmin zan iya kwatanta maka shi reshe reshe." Ya yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. "Shekara talatin in na shiga wuri ana miƙewa tsaye. Yara suna wasan Andiron a magudanar ruwa. Marigayiya matata baiti huɗu ta aura, ni rakiya na yi. Yanzu kana so in tashi gaban majalisa da furfurata in ce duk ƙarya ce, ni ga inda nake?"

"Ina so ka ce a jira kwana ashirin."

"Wannan zan faɗa. A matsayina na sarkin yaƙi zan ce a jira, in ce a haye ta sama. Amma in aka tambaye ni ko na haye ranar nan, kada ka dubi inda nake." Ya ciro ƙafa ɗaya daga ruwan ya duba ta. "Ban roƙe ku ba, ka sani. Ɓaure nake ci."

"Na sani."

Washegari majalisa ta sake zama don raba ayyuka. Waziri Kirton yana dama da sarki. A hagu kuma ga Ofiliyus, wakilin Roma, wanda aka aiko ya zauna a Kalidira a matsayin aboki, ya kuma rubuta wa manyansa duk abin da aboki ya gani. Talasiyas ya nemi izinin magana, abin da bai yi ba cikin shekara goma.

"Alloli su ja zamanin sarki, ɗan Leyontas, mai Kalidira da duwatsunta. Ni bawan gidan nan ne tun kafin a haife ka, kuma ban taɓa sa baki a sha'anin mashi ba. Yau ma ba a kan mashi na zo ba, a kan aikina na zo. Waƙar da ka karanta jiya ni na gyara ta. Akwai baiti arba'in da biyu da na cire, ga su da rubutun hannun mai waƙar. Ina roƙo a saurare su kafin a ɗaura wa doki sirdi."

Sarki ya ba da izini, Talasiyas ya karanta. Muryarsa ta tsufa, amma ya ba kowane baiti haƙƙinsa, ya kuma lura, da wani irin baƙin ciki, cewa ba su da muni kamar yadda ya zata a da. Wurin masuncin ma yana da kyau ƙwarai. Da ya kai kan gudawa wani daga cikin samarin fada ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari.

Waziri Kirton ya gyara mayafinsa. "Ranka ya daɗe, mun ji. An tona akwatin matacce an ɗebo abin da shi da kansa ya zubar, an zo ana shafa wa sarki marigayi kashi a gaban ɗansa. Kuma a wane lokaci? Lokacin da kowace rana Tarsina ke ƙara itace a shingenta. In muka jira kwana ashirin ba shinge za mu tarar ba, ganuwa za mu tarar."

Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, Talasiyas ma ya san haka.

Sarki ya juya wajen Ofiliyus. Baromen nan shi ma yana taɓa waƙa a ɓoye, kuma Talasiyas ya taɓa mayar masa da wani aikinsa da layi a gefen kusan kowane baiti.

"A kan yaƙinku Roma ba ta da ra'ayi," in ji Ofiliyus a hankali. "A kan rubutu kuwa, mu a can mutum yakan kulle aikinsa shekaru yana gogewa, don ya san in ya fita ba ya dawowa. Abin da ya sake shi ne maganarsa. Abin da ya bari a akwati kunyarsa ce, ba a kafa hujja da shi. Na ɗauka daga wurinku muka koyo wannan. Daga wurin malam Talasiyas ma na ƙara jin sa, da hujjoji masu yawa."

Sarki ya sauko daga karaga, ya zo ya tsaya gaban Talasiyas, ya karɓi takardar. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, wannan layin da ke gefe na wane ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Ina ɗan shekara tara ka koya mini ma'anarsa. Maimaita mini."

"Baitin bai cancanci zama ba."

"Ka kuma koya mini cewa rubutun fari abin da hannu ya ga dama ne, gyararre shi ne abin da hankali ya tabbatar. Ka sa na rubuta wannan sau ɗari a allo. Ranar da na tsallake baiti ɗaya a waƙar nan ka buga mini tsinke a yatsu, har yau ina jin wurin in ana sanyi. To yaushe ka yi kuskure, malam? Lokacin da kake da ƙarfinka da idonka, ko yau?"

"A lokacin, kyau nake nema, zaki. Ban san za a yi tafiya da waƙar ba."

"Ashe abin da ka sa na haddace ba gaskiya ba ne?"

Talasiyas ya buɗe baki. Shekara talatin da shida yana da amsar wannan tambaya, amsa mai tsawo, mai rassa, wadda ta sha burge baƙi. Ya neme ta ya rasa.

Sarki ya waiwaya. "Sarkin yaƙi, kai ka fara shiga ruwan. Ka haye da asuba ko ba ka haye ba?"

Talasiyas ya kafa idonsa a ƙasa, kamar yadda aka roƙe shi. Ya ji ƙarar kujera, ya ji numfashin Andiron.

"An karanta waƙar a gaban mahaifinka, ranka ya daɗe, bai musa ba. Ni wane ne da zan musa? Sai dai shawarata a jira ruwa ya ja, a kuma duba ta sama."

"Wanda ya shiga ruwa yana saurayi ya ce a jira yana tsoho. Ba laifi, shekaru ne." Sarki ya mayar wa Talasiyas takardarsa. "Za ka bi mu, malam. In kogin ya yi kuskure sai ka ja masa layi."

Ranar tashi aka kawo rago gaban ƙofar gari, mai duba ya farke shi ya ciro hanta, ya juya ta, fuskarsa ta canza. Ya raɗa wa waziri cewa wani ɓangare nata babu, alamar rashin sa'a. Waziri ya ce a kawo wani ragon. Na biyu ma bai yi ba, na uku haka. Na huɗu ya fito sumul, aka ɗaga hantar sama jama'a suka yi guɗa. A Kalidira har hanta sai an gyara kafin a fitar.

Kwana biyu suka yi a hanya, suka iso da yamma kamar yadda yake a rubuce. Kogin Asteri ya cika ya batse, ruwan ja wur, ciyawar kachalla ta nutse sai kawunanta ke leƙowa. A hayin ana hango shingen Tarsina, rabinsa bai ƙaru ba, kuma ba kowa a kansa. Samarin fada suka ce abokan gaba sun gudu.

Da gari ya fara wayewa aka busa ƙaho. Talasiyas ya sauko bakin ruwa da alfadarinsa, ya tarar da Andiron cikin sulke da kwalkwali, ana ɗaure masa garkuwa. Sulken ya yi masa kaɗan a ciki.

"Ba dole ba ne kai ka shiga gaba," in ji Talasiyas. "Sarkin yaƙi a baya yake tsayawa."

"Dubi yaran can." Andiron ya nuna sahun farko da haɓa. Duk shi suke kallo, wasu bakinsu na motsi, suna karanta baitocinsa. "In ban shiga ba su za su shiga, kuma da gudu. In ni ne a gaba aƙalla zan tafi a hankali, in na nutse na baya su gani su tsaya." Ya tofar da yawu. "Kai da Lamfiros kun haye da ni kogin nan ƙafata ba ta jiƙe ba. Bari yau in ga yadda yake."

"Andiron."

"Kai, tafi can, tsoho. Baiti huɗu ne masu kyau. Na ci moriyarsu."

Ya shiga. Taku ashirin na farko ruwa iya cinya, aka yi ta ihu. A taku na talatin ƙasa ta saki. Talasiyas ya ga Andiron ya tsaya cik, ya ɗaga mashi sama a gicciye, alamar a dakata. Amma sarki ya riga ya ga ruwa bai kai gwiwar doki ba a bakin gaɓa, ya ba da umarni, sahu na biyu da na uku suka danno na farko. Mutane masu nauyin tagulla suka tsunduma cikin taɓo, mai ƙoƙarin ciro ƙafa ɗaya sai ɗayar ta ƙara nutsewa. Dawaki suka fara haniniya suna birkicewa a kan mahayansu.

A lokacin ne kachallar hayin ta motsa. Ƙananan kwale-kwale suka fito daga cikinta, fiye da ɗari, kowanne da maharbi da mai majajjawa. Ba su yi gaggawa ba. Suka tsaya nesa da tsawon mashi suna zaɓa. Talasiyas ya yi ta neman jan gashin kwalkwalin Andiron a cikin hargitsin, ya gan shi sau biyu, na uku bai gan shi ba.

Kafin hantsi an gama. Masu tsaron sarki suka jawo shi daga ƙarƙashin dokinsa suka fito da shi, takalmi ɗaya babu. Mutum ɗari tara ba su fito ba. Mutanen Tarsina suka bi da kwale-kwale suna jan gawarwaki zuwa nasu hayin, suna tara sulke tsibi guda.

Da azahar manya suka taru a tantin sarki. A al'adar Girkawa duk wanda aka kashe masa mutane yakan aika manzo da sandar manzanci ya roƙi gawarwakinsa, kuma ba a hana shi. Sai dai wanda ya roƙa ya amsa da bakinsa cewa an ci shi da yaƙi. Barin matattu ba binnewa kuwa abin ƙyama ne da alloli ba su yafewa, kuma tuni sojoji suka fara gunaguni a waje, don kowa yana da ɗan'uwa a hayin.

"Ɗan Leyontas ba zai roƙi Tarsina ba," in ji sarki. Laka ta bushe a gashinsa. Bai dubi Talasiyas ba tun da aka shigo.

Waziri Kirton ya yi gyaran murya. "Akwai hanya, ranka ya daɗe. In wani ya haye don kansa, ba sanda, ba saƙo daga bakinka, ya nemi alfarma a matsayin mutum kawai, to sarki bai roƙi kowa ba. Sai dai wanda ya je ba sanda ba manzo ba ne. Abin da suka ga dama za su yi da shi."

Manyan Kalidira suka shiga duban igiyoyin tanti da kulawa, kamar yau suka fara ganin igiya. Ofiliyus yana can gefe yana rubutu a allonsa.

Talasiyas ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Bai yi jawabi ba, ba wanda kuma ya tambaye shi inda za shi. A bakin ruwa ya sami wani masunci da ya yarda ya haye da shi.

Sarkin yaƙin Tarsina mutum ne gajere mai furfura a gemu, yana zaune a kan kututture yana cin gasasshen kifi. Ya dubi hannuwan tsohon, ya ga ba sanda.

"Wa ya aiko ka, baba?"

"Ba kowa. Sunana Talasiyas, ma'ajin littattafan Kalidira. Na zo roƙon matattunmu da bakina."

Mutumin ya ajiye kifin. "Kai ne mai gyaran waƙar? To sannu da aiki. Mu ma muna da kwafinta, har makarantunmu ana karantawa, don Girkancinta ba na wasa ba ne. Mahaifina yana cikin waɗanda suka yi kwana goma sha tara suna kallon Leyontas daga nan, in aka zo wurin asubar nan sai ya yi ta dariya har ya shaƙe. Da muka ji ɗan ne ke tafe, kuma an ce ya haddace ta, ba mu ko aika ɗan leƙen asiri ba. Wuri da lokaci duk kun rubuto mana." Ya share hannunsa a cinya. "Ka san hukuncin wanda ya hayo ba sanda?"

"Na sani."

"Kuma sarkinka ba zai ce an ci shi ba."

"Ba zai ce ba."

Sarkin yaƙin ya dube shi, sannan ya ɗaga kafaɗa. "Ba na son warin gawa a gishirina. Ku kwashe. Kai kuwa ka zauna, in je gida da abin nunawa."

Har la'asar kwale-kwale suna kai da kawowa. Talasiyas ya bi layin gawarwakin a sunkuye, yana kusantar da fuskarsa saboda idonsa, har ya sami Andiron wajen ƙarshe. An cire masa sulke, kibiya biyu a wuya. Ya jiƙa gefen mayafinsa ya wanke masa lakar fuska da ta gemu, ya kama ƙafafun, wani sojan Tarsina ya kama kafaɗun, suka sa shi a jirgin ƙarshe. Masuncin ya jira kaɗan da sandar tuƙinsa, ko tsohon zai shigo. Talasiyas ya yi masa alama ya tafi.

Daga hayin Kalidira aka busa ƙahon tashi. A daren jiya an kafa tantuna ɗari uku, yanzu ana ta naɗe su, kuma marubucin fada ya riga ya sa a takarda cewa Sarki Firiyas ya gwada ƙarfin Tarsina, ya binne matattunsa da girma, ya juyo gida bai roƙi kowa komai ba.

Wani sojan Tarsina ya zo da igiya. Ya tsaya yana juya ta a hannu, yana jin nauyin ɗaure sa'an kakansa. Talasiyas ya gyara mayafinsa da ya jiƙe, ya haɗa hannuwansa biyu ya miƙa masa.